Daga Kwanar Ɗangora Zuwa Falgore da Tsohon Sojan Sigina

Ɗaurin aure ne ya kai mu Doguwa, ni da kawuna, tsohon saje da ya yi ritaya daga sashen sigina na sojan ƙasa. Mun bar Kano da sassafe ta titin Zariya, muka wuce gonakin shinkafar Kura da Kadawa. Da muka shiga ƙasar Bebeji sai Kawu ya nuna hagu, wajen da dam ɗin Tiga yake, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, gwamnatin jiha kuma ta kafa tashar lantarki a jikinsa daga baya.

"A zamaninmu," in ji shi, "in an ce a tsare wuri irin wannan, soja ake jibgewa a ƙofa. Yanzu mai ɓarna ba sai ya zo ƙofa ba."

Na gane inda ya dosa. A Disambar 2015 masu kutse sun shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta a Yukren, suka jefa mutum fiye da 200,000 cikin duhu a tsakiyar hunturu, ba tare da an harba harsashi ba. Kafin nan, a 2007, an durƙusar da shafukan bankuna da na gwamnatin Estoniya, sannan ƙungiyar NATO ta buɗe cibiyar tsaron intanet a Tallin a 2008.

A Kwanar Ɗangora, ƙasar Kiru, muka tsaya shan shayi. Kusa da mai shayin akwai wani saurayi a ƙarƙashin lema da na'urar POS, wayoyi uku a gabansa, igiyoyin caji sun harɗe a kan teburi. Wani Bafulatani ya miƙo masa takarda da aka rubuta lambar asusu da biro, ya ƙirga kuɗi, aka tura, ya naɗe rasit ya cusa a hula. Kawu ya bi shi da ido.

"Ka gani ko, ɗan nan? Halaliyarsa ce wannan bawan Allah ya tura. Amma ta wannan hanyar mai kai wa ɓarayin daji bayani yake karɓar ladansa. Sojan da bai iya bin sawun kuɗi da sawun kira ba, sai dai ya yi ta bin sawun babur."

Daga nan muka saki titin Zariya muka kama hanyar Jos. Bayan Tudun Wada gonakin masara da rake suka fara ja da baya, itatuwa suka yi kauri, muka shiga dajin Falgore. Daji ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Wajen 2015 da 2016 sunansa kawai ya isa ya hana direba tafiyar dare, saboda ɓarayin shanu da 'yan fashi. A 2017, lokacin Janar Tukur Buratai yana hafsan sojan ƙasa, aka kawo atisayen Harbin Kunama na biyu cikinsa, aka mai da shi filin horar da soja, gwamnatin Ganduje kuma ta gina musu sansani. A shingen farko wani kurtu ya leƙo, ya ga katin Kawu, ya ƙame ya sara masa.

Muna barin shingen sabis ya ɗauke. Kawu ya karɓi wayata ya duba, ya maido mini.

"To, nan ne makarantar," ya ce. "Yaron da aka koya wa aiki cikin ɗaki mai sanyi a Abuja, a kawo shi nan a ga abin da zai iya."

Na ce, "Kawu, ai an yi ƙoƙari. Tun 2018 sojan ƙasa suka kafa rundunar yaƙin intanet, suna da makarantarta, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna da Jami'ar Bayero duk suna koyar da tsaron intanet."

Bai musa ba. Abu uku ne suka dame shi. Na farko, horon ya rabu gida biyu: masu bindiga a daji, masu kwamfuta a birni, ba sa haɗuwa sai ranar da abu ya ɓaci. Ya ce kamata ya yi duk atisayen da za a yi a Falgore a raba mutanen intanet biyu, wasu su zama abokan gaba. Su toshe oba-obar kwamanda, su aika masa saƙon ƙarya, su bi sawun wayar kurtun da ya ɗora hotonsa a TikTok, su ruɗa jirgi marar matuƙi. In kwamanda ya ɗanɗana wannan a atisaye, ba zai ƙara ɗaukar mai kwamfuta a matsayin mai gyaran firinta ba. Haka NATO ke yi kusan duk shekara tun 2010 a atisayenta na Locked Shields, wasu na kai hari, wasu na karewa.

Na biyu, harshe. Na'ura za ta kamo kira, amma ba za ta gane zaurancen da ake yi cikin Hausa ko Fulatanci ba. Wannan sai wanda ya tashi cikinsa. Samarin da ke gyaran waya a Tudun Wada da Kiru, in an tantance su aka horar, wasu za su fi mai babban digiri amfani a nan. Na uku, riƙo. A kashe kuɗi a horar da hafsa, bayan shekara biyu a tura shi wani aikin da ba ruwansa da kwamfuta, ko banki ya ninka masa albashi ya ajiye kaki. Sai an ba fannin tsanin ƙarin girma nasa na kansa.

A Doguwa, bayan an shafa fatiha, hira ta koma kan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wani ɗan kasuwar hatsi ya ba da labarin yadda abokan cinikinsa na can suke hawa mota zuwa wani gari don kawai su kira shi. Kawu ya ajiye cokali.

"An ƙona rumbu don a kashe ɓera," ya ce. "Da akwai isassun ƙwararru, layin mutum goma za a bi, a bar wa sauran jama'a nasu."

Da la'asar muka kamo hanyar gida, domin direbanmu ya ce ko da soja a dajin, shi bai yarda magariba ta same shi a Falgore ba.