Ɗakin da Ke Kallon Bahar Maliya

Daga Katsina zuwa bakin teku a Legas tafiyar sama da kilomita 1,000 ce. Ruwan da muka tashi muka sani bai wuce na damina da na kududdufi ba, sai kuma dam ɗin Ajiwa idan makaranta ta kai ɗalibai buɗe ido. Amma Katsinawa sun daɗe da sanin jirgin ruwa. A 1921 Sarki Muhammadu Dikko ya tafi aikin Hajji ta ruwa, ya bi ta Ingila kafin ya isa Jidda. Talakawa kuwa da ƙafa da jaki suke nausawa gabas, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, har su kai Sawakin su hau jirgin da zai tsallakar da su Bahar Maliya. Wani ya shekara biyar a hanya, wani goma, wani kuma can ƙasa ta rufe idonsa.

Kakan mahaifinmu yana cikin waɗanda suka je suka dawo. Abin da ya rage na labarinsa a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka kaɗan ne, kuma kusan duk a kan tsallaken nan yake: yadda aka cusa su a jirgi kamar buhunan gero, da yadda ya ce bai taɓa sanin girman ikon Allah ba sai da ya duba ko'ina ya rasa tudu. Baba ya ba mu wannan labari ya fi a ƙirga. Shi kansa ya sauke farali, amma ta sama ya bi, kuma dare ne lokacin da suka ƙetare tekun. Shi ya sa da mu biyar muka haɗa kuɗi don mu kai shi Umara tare da Umma bayan ya yi ritaya daga koyarwa, Yaya Babba ya kawo shawarar a ƙara masu 'yan kwanaki a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ake kwana a ciki, a ci a sha, yana yawo daga wannan gari zuwa wancan. Aikin zaɓen jirgi kuwa kaina ya faɗo, don a gidanmu duk abin da ya shafi intanet nawa ne, tunda ni na karanta kwamfuta.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a wannan sana'a idan aka ce ka kwatanta abubuwa, jadawali kake fara zanawa. Na jera kamfanoni uku: Royal Caribbean, da MSC, da Aroya. A gefe na sa abubuwa ukun da kowane kamfani ke tallata kansa da su, wato ɗakin kwana, da gyara, da nishaɗi.

Ɗakunan kusan iri huɗu ne a ko'ina. Akwai na ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya, girmansa bai fi ɗakin da maginanmu ke kira sha biyu sha biyu da wani abin kirki ba, har da banɗaki a ciki. Akwai mai taga, amma tagar a like take, kallo kawai ake yi ta cikinta. Akwai mai baranda, inda za ka buɗe ƙofa ka fita ka zauna iska na kaɗa ka. Sai kuma na manya, mai falo da hadimi, wanda MSC ke keɓe wa sashe guda da ta kira Yacht Club. A wasu jiragen Royal Caribbean har allo suke kafawa a bangon ɗakin ciki, yana nuna hoton tekun kai tsaye daga kyamarar da ke waje, don mai ɗakin ya ji kamar yana da baranda. A matsayina na mai aikin kwamfuta dabarar ta burge ni ƙwarai.

Gyara kuwa, kamar dai a kasuwa, ita ce abin da ake ƙara maka don a ja ra'ayinka. Kuɗin tikiti yakan haɗa da abinci a babban ɗakin cin abinci da shiga wuraren wasanni. Sauran abubuwa sai ka karanta ƙananan rubutun ƙasa. A yawancin kamfanoni akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, akwai kuɗin intanet daban, akwai kuɗin fita yawo idan jirgi ya tsaya a wani gari. Babbar gyarar da aka fi tallatawa kuma ita ce ta abin sha, wadda ƙimarta ta dogara ne a kan giya. Wanda ba ya sha, idan ya sayi tikitin da aka cusa wannan gyara a ciki, ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba.

A fagen nishaɗi babu mai kama ƙafar Royal Caribbean. Jirginsu Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. A cikinsa akwai wuraren ninƙaya bakwai, da bututun silalowa cikin ruwa guda shida, da filin ƙanƙara da ake wasan zamiya a kai, da gidan caca. MSC, kamfanin iyalan Aponte 'yan Italiya mai hedikwata a Janeba, ya fi ƙarfi a tekun Bahar Rum, daga biranen Jenowa da Basalona da Marsel, yana kuma tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. Aroya ita ce ƙaramarsu a shekaru. Ta Saudiyya ce, ta fara jigila daga Jidda a Disambar 2024 da jirgi guda, wanda aka ƙera a Jamus a 2017 da sunan World Dream kafin a saye shi a sake masa fasali. Yana ɗaukar fasinja sama da 3,300. Babu giya, babu caca, abincin halal ne, akwai kuma wuraren salla.

Abin da aikina ya koya mini shi ne jadawali ba ya yanke hukunci da kansa. Kafin kwamfuta ta fitar da gwani, sai wani ya gaya mata makin da za ta ba kowane layi. Ka ba nishaɗi maki 50 cikin 100, wani jirgi ya zo na ɗaya. Ka mayar da makin kan farashi, wani daban ya haye. Wanda ya raba makin shi ya zaɓi gwani tun kafin a fara lissafi. Jadawalin da kamfanonin nan da masu tallata su ke nunawa kuwa, an raba makinsa ne da wani matafiyi a zuciya, mai fasfon da ba a tambayarsa biza, mai son kiɗa har tsakar dare. Ba Baba ba ne, ba kuma Umma ba ce. Don haka kafin in sa ko maki ɗaya, na ɗauki kwamfutata na same su bayan sallar la'asar.

Na nuna masu hotuna, na yi bayanin wuraren ninƙaya da na wasanni. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, idan jirgin na tafiya yana juyawa, ina alƙibla?"

Umma kuma ta ce, "Ni dai tambayata, ɗakin nan ana buɗe shi iska ta shigo? Ka san ba na iya kwana a rufe."

Na ce, "Umma, akwai wanda za ku buɗe har ku fita ku zauna, sai dai ya fi tsada."

Ta ce, "Kuma in wani abu ya faru cikin dare, wa zai nuna mana hanya?"

Tambayoyin nan uku babu ko ɗaya a jadawalin kamfanonin, kuma kowace tana da amsa. Malamai sun yi bayanin sallar cikin jirgi tun da daɗewa: mutum ya tsaya idan zai iya, ya fuskanci alƙibla, ya juya idan jirgin ya juya, in tsayuwa ta gagara ya zauna. Matsalar ta zamani ita ce manhajar alƙibla ta waya da maganaɗisu take aiki, jirgi kuwa ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, yana iya rikita ta. Inda aka tanadi wurin salla an hutar da mutum wannan wahala. Wanda kuma ke arewacin Bahar Maliya, wajen Sharm el-Sheikh ko Aƙaba inda jirgin Aroya ke zuwa, kudu maso gabas zai fuskanta, saɓanin gabas ɗin da muka saba a Katsina. Game da tsoron Umma, tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara dokar cewa a nuna wa fasinjoji wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi, a benen da bai yi sama sosai ba, shi ne kuma ya fi ƙarancin tangaɗi ga mai saurin jin jiri.

Ni ma na ƙara layi na huɗu, wanda duk mai koren fasfo ya san zafinsa. Jirgin Miami sai da bizar Amurka. Na Basalona ko Jenowa sai da bizar Turai. Na Jidda ma, tunda yana fita zuwa Masar ko Jodan ya dawo, dole bizar Saudiyyar ta zama mai ba da damar sake shiga. Akwai kuma lokaci, don jirgin ba ya zama a Jidda duk shekara. A bazarar 2025 Istanbul ya koma yana tashi daga can.

Da na raba maki bisa abin da suka faɗa, Aroya ce ta fito, kuma ba wanda ya yi musu. Inda aka kai ruwa rana shi ne ɗaki. Tun da aka saki farashin naira a 2023, duk abin da ake biya da dala ya zama sai an yi shawara, kuma bambancin ɗakin ciki da mai baranda ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurinmu. Yaya Babba ya ce, "Kai, ɗaki ai wurin kwana ne kawai. Mutum yana can yana kallon wasanni, sai barci ya kawo shi. Mu ɗauki na ciki, ragowar mu ƙara masu a guzuri."

Maganarsa gaskiya ce ga matafiyin da aka gina jiragen dominsa. Ƙanenmu da ke jami'a, da shi za a tura, ko a kan tabarma aka ce ya kwana ba zai damu ba muddin akwai filin ƙanƙara. Amma na ce, "Yaya, su Baba ba za su je kallon rawa ba, ba za su shiga ninƙaya ba. Iyakarsu wurin salla, wurin cin abinci, sai ɗaki. Idan ɗakin ba ya kallon ruwa, me muka kai su gani?" Gwargwadon yadda mutum ba ya buƙatar nishaɗin jirgi, gwargwadon yadda ɗakinsa ke ƙara daraja. Ga iyayenmu barandar ita ce nishaɗin gaba ɗaya. Allon da ke nuna hoton teku, duk da ya burge ni, Baba yana da irinsa a falo.

Muka yi kwana uku ana ja-in-ja a waya. Daga ƙarshe Yaya Babba ya amince, bisa sharaɗin a rage kwanakin. Muka zaɓi gajerar tafiya a ɗaki mai baranda a tsakiyar jirgi, maimakon doguwa a ɗakin da ba taga. Ƙanwarmu ta janye sayen keken ɗinkin da ta yi niyya zuwa baɗi, ni kuma na haƙura da canza kwamfuta. Ba mu sayi ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren ba, in ban da intanet a waya ɗaya, don Umma ta riƙa jin muryar jikokinta.

Da na je na gaya wa Baba yadda aka tsaya, bai tambayi girman jirgin ko yawan wuraren cin abincinsa ba. Ya sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu, sannan ya ce in duba masa taswira in gano ta wane gefe Sawakin take idan jirgi ya baro Jidda. Na ce masa tana can kudu maso yamma, a ɗaya gaɓar, kuma ba za a hango ta ba saboda nisa. Ya ce ba komai, shi dai in rubuta masa a takarda, don ya san inda zai juya bayan sallar asuba ya yi wa kakansa addu'a.