Gaya da dare: fitilar Fas a bakin kogin Isa

Wanda ya san Gaya da rana kaɗai, rabin garin ya sani. Da rana gari ne na manyan motoci, da ma'aikatan duwan, da mangazoji na shinkafa da atamfa. In magariba ta yi, iska ta taso daga kogin Isa, sai jama'a su koma zaure da tsakar gida. A nan ne maganar fitila take tasowa.

Wutar Gaya baƙuwa ce: daga Kamba ta Nijeriya layinta yake shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil tun 1958, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take saida wa Nijar, ba ta maido ta ba sai a Maris 2024. Mafakar talaka a irin wannan hali ita ce fitilar Sin mai batir ko mai aiki da rana. Ta yi rana, ba mai musu. Sai dai haskenta fari ne fat, mai kashe ido, yana maida zaure tamkar ɗakin awon likita, yana kuma gayyato ƙwarin bakin kogi bisa akushin tuwo.

Fitilar Maroko wata hikima ce dabam. Masu ziyarar Shehu Ahmadu Tijani a Fas, da ɗalibanmu da suka yi karatu can, sun san dandalin Seffarine, inda ƙarar gudumar maƙeran tagulla ba ta yankewa. Maƙeri yakan zana taurari da ganyaye bisa fallen tagulla, ya bi zanen da tsinken ƙarfe yana hudawa, rami bayan rami, kana ya naɗe shi ya yi masa hula kamar ƙubbar masallaci. Wasu akan manna musu gilashi ja ko ruwan zuma. In aka kunna, ido ba ya haɗuwa da ƙwan fitilar. Hasken yakan tsiyayo ta ramukan ya bazu a bango, jar ƙasa ta ƙara ja, fuskar baƙo ta yi taushi. Akwai kuma ta fatar akuya mai zanen lalle. Wannan kam ƴar gida ce ta dawo: da yawa daga cikin abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, fatar jar akuyar ƙasar Hausa ce, wadda a da ayarin raƙuma yake ƙetara Sahara da ita.

Ga mai niyyar saye, a duba kwalin ƙwan fitila tukuna. Mai lamba 2700K shi ke ba da hasken nan mai ɗumi, kamar na aci-balbal ɗin kakanninmu. Mai 6500K ko cikin tagullar Fas aka sa shi, likita dai ne. A rataya ta ƙasa-ƙasa, kusa da bango, domin zanen ya fito. Ta tagulla tana karɓar kyandir ran da Nigelec ta ɗauke wuta. Ta fata kuwa kul, gobara ce. Ɗan kasuwa mai ƙidayar kuɗi, da ma'aikaci mai duba takardu, su ajiye wata fitila a gefe, wannan ta hira ce. Damunar Gaya, wadda ta fi ta ko'ina ruwa a Nijar, takan dusar da tagulla. Lemun tsami da toka sun isa.

A ganina ma ba sai an je Fas ba. Maƙerin da ke fidda murhu daga tsohuwar ganga ba zai kasa huda fallen ƙarfe ba, in an ba shi zane. Ƙwarya ma tana yi: a huda ta bisa zanen da ke bayanta, a kifa ta kan ƙaramin ƙwan da ba ya zafi, a rataya ta jikin azarar giginyar zaure.