Karfatar Rago a Tanderun Unguwa, a Birnin Fas

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, ziyara ce ke kai su. Su sauka, su nufi zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya zauna a birnin tun 1798 har Allah ya karɓi ransa a 1815, su leƙa masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta assasa a 859, su sayi alkyabba da takalmin fata, su juyo gida. Ni ma ziyarar ce ta kai ni. Amma tsohon garin, wanda suke kira Fas al-Bali, yana da wani tsarin zaman unguwa da baƙo ba zai fahimce shi ba sai ya bi abincin gidan mutane tun daga kasuwa har zuwa faranti.

Mota ba ta shiga Fas al-Bali. Lungunan sun yi ƙunci, wasu ma mutum biyu ba sa iya jerawa, saboda haka alfadarai da jakuna da amalanke ne ke ɗaukar komai, daga tukunyar gas har buhun siminti. Kowace tsohuwar unguwa tana da masallacinta, da makarantar allonta, da famfonta, da gidan wankanta, da kuma tanderunta na kowa da kowa, wanda suke kira farran. Da hantsi za ka ga yara ɗauke da allunan katako a kai, an jera kwaɓaɓɓen burodi an lulluɓe da mayani, suna kutsawa tsakanin jama'a. Uwa ce ta kwaɓa a gida, mai tanderu ya gasa, a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A cikin irin wannan tanderu aka gasa naman da zan ba da labarinsa.

Wani malamin makaranta da muka saba a zawiya shi ya gayyace ni. Ƙanwarsa da ke aure a Kasabalanka ce za ta zo ganin gida da mijinta da 'ya'yanta, mahaifiyarsu Hajiya kuma ta yanke cewa karfatar rago za a gasa. Na roƙa a bar ni in ga aikin tun daga farkonsa, aka yarje mini.

Muka gangara kasuwar Rasif, inda mahauta ke jere a rumfuna 'yan ƙanana, nama na rataye a ƙugiya. Abokina bai ko kalli cinya ba. Ya nuna karfata, aka ɗora ta a sikeli, ta ɗan haura kilo 2 da ƙashinta. Mahaucin ya ɗauko wuƙa zai rage kitsen baya, abokina ya ce masa ya bar shi yadda yake, Hajiya ta gargaɗe shi. Sara biyu kawai aka yi wa ƙashin hannun don ya lanƙwashe ya shiga tire. Tambayar da ya tsaya a kanta ita ce ta asalin dabbar, domin mutanen Maroko sun san tumakinsu da sunaye. Akwai Sardi, farin rago mai baƙi a kewayen ido da baki, wanda ake rububinsa lokacin layya. Akwai Bani Gil na filayen gabas. Akwai kuma Timahdit na tsaunukan Atlas ta Tsakiya, kudu da Fas, wanda ke kiwo a ciyawar tudu. Namu na Timahdit ne, in ji mahaucin, ɗan rago da bai cika shekara ba.

Hajiya dattijuwa ce mai ƙarancin magana. A tsakar gidan, wanda aka shafe da ƙananan tayil masu launi, ta zauna a kan 'yar kujera da turmin ƙarfe a gabanta. Ta daka tafarnuwa da gishiri, ta zuba garin kamun, da garin jan tattasai marar yaji, da ɗan masoro da citta. Ta jiƙa 'yan silallan za'afaran a ruwan ɗumi, irin wanda ake nomawa a Taliwin can kudancin ƙasar, ta tsiyaya. Daga nan ta buɗe wani ƙaramin tulu ta ɗebo abin da suke kira siman, wato man shanu da aka cuɗa da gishiri aka ajiye watanni har ya yi tsami da ƙamshi mai ƙarfi. Cokali ɗaya ta sa, ta ƙara da sabon man shanu mai yawa. Ta soke naman da tsinin wuƙa wuri-wuri, tana cusa haɗin da yatsa har ya taɓa ƙashi, sauran ta shafe bayan da shi.

"Ɗana," ta ce da ni, "kada ka cika masa kayan ƙamshi. Rago ne za a ci."

Ta shimfiɗa yankakkiyar albasa a gindin tiren, ta kwantar da karfatar kitsen yana sama, ta zuba ruwa kamar kofi guda ta gefe don kada ya wanke shafin, ta rufe da takarda, ta bi da takardar alminiyam ta liƙe bakin ruf. Aka ajiye a inuwa har aka idar da azahar. Ban ga ta auna komai ba.

Tanderun na cikin wani ɗaki ne mai duhu da ake sauka masa da matakala, bangonsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, an jibge itace a gefe guda. Mai tanderun, wanda kowa ke kira Mu'allim, yana tsaye ne a cikin wani rami da ya kai masa ƙugu, yadda bakin tanderun zai daidaita da ƙirjinsa. A hannunsa akwai wata doguwar sanda mai faffaɗan kai, wadda ta ninka tsawonsa. Cikin tanderun kamar ɗaki ne mai rufin baka, na tubali, wuta tana ci a kusurwa ɗaya, sauran daɓen kuma fili ne. Nan fasahar take. Wurin da ke dab da wuta yana gasa burodi cikin 'yan mintoci. Can nesa, jikin bango, zafin lallausa ne. Da safe wutar tana ruruwa saboda burodin rana. In an wuce azahar sai ya daina ƙara itace, tubalin ya ci gaba da fitar da zafin da ya sha, yana raguwa a hankali har dare. Wannan zafi mai ja da baya shi karfata ke so, shi ya sa Hajiya ba ta aika da ita da hantsi ba.

Mu'allim ya ɗaga tiren ya ji nauyinsa, ya yi tambaya ɗaya tak: yaushe za a ci? Abokina ya ce bayan lisha. Ya tura shi can ƙurya. Ba rasit, ba lamba. Na ƙirga tire-tire da allunan gidaje da dama a kan kanta, na tambaya yadda yake rarrabe su. Abokina ya ce ta mayani, ta fasalin tire, ta irin tsagar da kowace mace ke yi wa burodinta. Mutumin ya san gidan da ke son ɓawo ya ƙone kaɗan, ya san gidan da tsoho marar haƙori yake. Na tsaya ina kallonsa yana aiki, na ga wannan sani da ke kansa ba ƙaramar dukiya ba ce ga unguwa, kuma da wuya mutanen unguwar su san girmanta muddin yana nan.

Dalilin duk wannan jira yana cikin naman kansa. Karfata ita ke ɗauke da gaban dabba, ita ke aiki a kowane taku, saboda haka tsokarta a cakuɗe take da farar jijiya da tantani da zaren kitse. Masana na kiran abin da ke ƙulla waɗannan jijiyoyi kolajin. In wuta mai ƙarfi ta same shi farat ɗaya, sai ya takure, ya matse ruwan naman waje, a samu abin da haƙori ba ya iya tsinkawa. In kuwa zafin cikin naman ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ya zauna a can sa'o'i, sai kolajin ɗin ya narke ya koma wani romo mai danƙo da ke jiƙa kowane silin tsoka. Kitsen da ke sama yana narkewa yana gangarowa, tururin da ke tsare a ƙarƙashin murfi yana hana bayan bushewa. Mai tsire a bakin tukubarsa yana zaɓen tsoka zalla ya fefe ta siriri domin wutarsa mai sauri ce. Karfata akasin haka take buƙata. Cinya da ake ɗokinta, da za ta yi sa'o'i a irin wannan zafi ba za ta yi wannan laushi ba, don jijiyar da za ta narke a cikinta ba ta kai ta karfata yawa ba.

Bayan magariba muka koma. Mu'allim ya jawo tiren, ya yaye murfin, tururi ya tashi. Naman ya ja da baya daga kan ƙashi, amma launinsa fari-fari ne, bai ba da sha'awa ba. Ya ɗebi romon da cokali ya kwarara a kai, ya jefa ɗan itace a wuta, ya matsar da tiren kusa da harshenta a buɗe. Sau uku ya fito da shi yana yi masa wanka da romo. Cikin kusan rabin sa'a bayan ya yi ja, ya ɗauki ƙyalli, gefen kitsen ya soye ƙamas. Aka lulluɓe da mayani, wani yaro ya ɗora a kai, muka bi shi a baya. Duk wanda muka wuce a lungu sai ya ce Allah ya sa albarka.

Mutanen Fas ba sa cin abincin dare da wuri. Sai da aka dawo daga lisha aka zagaye wani teburi mai gajerun ƙafafu, mu goma har da yara. Autan gidan ya zagaya da buta da tasa ta jan ƙarfe, aikin maƙeran dandalin Saffarin, kowa ya wanke hannu. Aka jera ƙananan kwanoni na dafaffen gauta, da karas, da zaitun, da burodin da ya fito daga tanderun nan. A tsakiya aka ajiye karfatar, ba wuƙa ba cokali. Gefenta akwai 'yan kwanoni biyu, ɗaya gishiri ɗaya garin kamun.

Surukin gidan aka ba girman farawa. Ya yi bisimilla, ya kama allon karfatar da yatsu biyu, ya zare shi sumul, ko silin nama bai biyo shi ba. Sai da Hajiya ta ga haka sannan ta gyara zama. Ana yagar naman da yatsu uku na hannun dama, a dangwala a kamun da gishiri, a haɗa da lomar burodi da aka tsoma a romon albasa. Bayan yana da ɗan ƙauri mai daɗi, cikin kuwa narkewa yake a baki, tsamin siman yana can ƙasa-ƙasa. Kowa gabansa yake ci. Hajiya kuma kusan ba ta ci ba. Tana yago wurare masu kyau, musamman tsokar da ke kwance a kwarmin allon, tana turawa gaban suruki, gaban jikoki, gabana.

"Ci, ɗana, ba ka ci komai ba."

"Hajiya, wallahi na ƙoshi."

Ba ta saurare ni ba. Surukin ya tuna mana cewa ya tabbata a hadisi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son naman hannun akuya ko tunkiya, aka yi salati, aka ci gaba da ci. Karfata ɗaya ga mutum goma ba ta da yawa. Burodi da romo da kayan lambu ne suka cike, kuma babu wanda ya tashi da yunwa.

Da aka kawo inabi da shayin na'a-na'a, hira ta karkata kan tsadar nama, fuskoki suka canza. Ƙasar ta sha fari shekaru a jere. A watan Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida ya aika da saƙo, ministan harkokin addini Ahmad Taufiƙ ya karanta a talabijin, yana kira ga jama'a su haƙura da yanka layya a shekarar, bayan hukuma ta bayyana cewa dabbobin ƙasar sun ragu da kashi 38 cikin ɗari idan aka kwatanta da ƙidayar 2016. Mahaifinsa Hassan na Biyu ya taɓa yin irin wannan kira a 1963 da 1981 da 1996. Hajiya ta ce ta tuna biyun ƙarshe sarai. A da, in ji ta, karfata biyu take aikawa in 'yarta ta zo. Na ji nauyin abin a raina, domin a lokacin ne na gane girman abin da aka tura gabana.

Tanderun ma ba ya samun ciniki kamar da. Iyalai da yawa sun bar tsohon gari sun koma gidajen bene a sababbin unguwanni, burodin kanti ya yawaita, murhun gas mai tanda ya shiga gidaje. Ƙanwar abokina ta ce a Kasabalanka a kicin ɗinta take gasa tata, kuma tana yin kyau. Na tambaye ta yadda take yi, ta zayyana mini: tanda a digiri 150, a rufe ruf na sa'a huɗu, kada a buɗe ana leƙe, sannan a yaye a ɗaga wuta zuwa 220 na minti ashirin ana kwarara romo, a sauke a bar shi ya huta kafin a taɓa. Hajiya tana ji, ta ce lissafin daidai ne, amma akwai gyara biyu. In ragon ramamme ne, a nemi tantanin kitsen ciki a wurin mahauci a lulluɓe karfatar da shi. Kuma kada a amince da agogo shi kaɗai: a kama ƙashin hannun a murɗa, in ya yi gardama a mayar da murfi a ƙara masa sa'a guda.