Bin Bashin Kawu Har Ƙasar Damagaram

Ka ce in na dawo in ba ka labari, to ga shi, sai dai kada ka sa ran jin na yawon buɗe ido. Bin bashi ne ya kai ni Nijar. Ka san yadda kasuwarmu da su take, daga nan hatsi yake hawa, daga can wake da dabbobi suke gangarowa. Kawu ya ba wani mutumin ƙasar Magarya buhunan masara kan zai kawo kuɗi bayan Sallah. Sallah ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, waya ta daina shiga. Da aka yanke shawarar a bi sawu sai aka ce ni zan raka shi, wai ni ne ɗan boko, in aka miƙo takarda zan karanta. Babu wanda ya tuna cewa takardun can da Faransanci ake rubuta su.

Bayan sallar asuba muka bar Kanya, muka bi titin Babura zuwa Babban Mutum, wanda yake cikin ƙasar Baure ta Jihar Katsina. Lokacin kaka ne, ko'ina an kafa bukkokin karan gero, motar kuwa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, da akuya a but. Tun a hanya Kawu ya gama tsara shirinsa. Da mun isa, caji ofis zai nufa, ya sa a kamo mutumin a rufe shi kwana ɗaya, kuɗi za su fito. Haka muka saba a gida, ko ba haka ba? Na ce masa, "Kawu, ko a nan ma doka ta hana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce ba a kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki." Ya dube ni ya ce, "Kai dai ka riƙe jakar." Na riƙe jakar.

A bakin iyaka aka sauke mu kowa ya nuna katinsa. Iyakar nan ta sha rufewa, an rufe ta a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na watan Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe, amma masu babura sun ce su ba su taɓa jin an rufe musu komai ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yawan masu kaki iri-iri. Ni duk wanda na gani da kaki da bindiga a can jandarma nake ce masa. Wani dattijo da muke mota ɗaya ya ga ina raba ido, shi ne ya warware mini. Akwai 'yan sanda, su ne na cikin birane da bakin iyaka, ofishinsu ake ce wa komsariya. Akwai jandarmomi, waɗanda asalinsu sojoji ne a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, amma aikin ɗan sanda suke yi a ƙauyuka da manyan hanyoyi, tsarin da suka gada daga Faransa. Akwai 'yan gardi masu tsaron gidajen yari da ofisoshin gwamnati, ga duwan, wato kwastan, ga kuma malaman daji. Mu da tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya tak za a yi a ƙasa baki ɗaya, sai na ji abin ya yi mini yawa. Kuɗin ma sai da na koma ɗan aji ɗaya: sefa biyar ita ce dala, dubu kuma jaka, don haka in mai shayi ya ce dala ashirin, ɗari yake nufi.

Mun sauka a Magarya wurin wani abokin cinikin Kawu. Da ya ji shirin rufe mutum sai ya yi murmushi, ya ce tunda wanda ake bin bashin a ƙauye yake, ba ruwan komsariya, sai birgad, wato ofishin jandarma. Washegari muka je. Ofis ne ɗan madaidaici, da tuta, da benci a inuwar dalbejiya, a nan muka zauna jiran layi, kuma zaman nan ya fi komai koya mini aikin wurin. Wata mata ta zo da goyo, jakarta ta faɗi a kasuwa da katinta a ciki, tana son takardar shaidar ɓata, irin wadda mu sai mun haɗa da rantsuwa a kotu. Wani ya zo kan babur ɗinsa da aka riƙe don ba takardu. Wasu samari biyu an kira su kan faɗan da suka yi a wurin biki, kowa da babansa a gefe, kowa riƙe da 'yar takardar kira da suke ce wa kombokasiyo. Wani makiyayi kuma ya zo cigiyar raƙumi. A duk zaman da muka yi ban ga an shigo da ɗan fashi ko ɗaya ba. Ƙananan damuwoyin mutane ne, waɗanda in an bar su suke girma.

Da layi ya zo kanmu, jami'in ya saurari Kawu har ya gama, da Hausarsa tangaram, irin ta Damagaram mai ɗan kauri. Ya tambaya ko akwai alamar zamba, ko mutumin ya ba da sunan ƙarya, ko ya musanta karɓar kaya. Kawu ya ce a'a, bai dai biya ba. Sai ya ce, "Baba, wannan ba tamu ba ce tukuna. Ku fara da mai garinsu. In ta fi ƙarfinsa akwai sarki, in ta fi ƙarfin sarki akwai alƙali." Kawu ya fito yana ƙunƙuni, wai an raina masa tafiya. Ni kuwa mamaki nake, mai kaki ya ga ƙarar kuɗi ta shigo har gabansa ya tura ta wani wuri.

Mai masaukinmu ne ya bayyana mini dalili a hanyar ƙauyen, muna tafe kan babura cikin yashi. A Nijar sarakunan gargajiya suna cikin tsarin gwamnati a rubuce. Akwai doka tasu ta musamman, ta 1993, wadda aka sabunta a 2015, ita ta ba mai gari da sarkin kanto, wanda za ka iya kwatanta shi da hakiminmu, ikon sulhunta mutane kan gona da gado da aure da ciniki. Ba hukunci suke yankewa ba, sulhu ne, amma ana rubuta shi a sa hannu a buga hatimi, kuma in magana ta kai gaban alƙali takardar tana da nauyi. Mu ma ai abin da dagacinmu yake yi ke nan kullum a zaurensa, sai dai tsarin mulkinmu ko ambaton aikinsa bai yi ba, kuma yawancin sulhun a baki yake ƙarewa, shaidarsa waɗanda suka zauna a tabarma ne. In suka mutu ko suka manta, rigimar iyakar gona ta dawo sabuwa a hannun jikoki.

Mai garin ya karɓe mu da ruwa da fura. Ya aika gidan mutumin aka ce ya tafi kasuwa, aka sake aikawa da yamma aka ce bai dawo ba. Tsohon ya gane wasan, washegari ya haɗa mu da ɗansa zuwa fadar sarkin kanto. A can na ga ma'aikacin da ya fi burge ni a tafiyar nan, dogari. Dattijo ne siriri da jan rawani, ba bindiga, ba ankwa, sai sanda da tsohon babur. Aka ba shi saƙo, muka zuba masa mai, ya tafi. Kafin la'asar ga shi ya dawo da mutuminmu a bayansa, ba ɗauri ba tsawa, suna ma hira. Na tambayi wani bafade me zai faru in mutum ya ƙi amsa kiran. Ya ce ba kasafai ake ƙi ba, domin dogarin ya san gidan kowa, ya san surukan kowa, kuma wanda ya ƙi zuwa fada ya san takarda ta gaba daga birgad za ta fito. Aikinsa bai tsaya a kai sammaci ba. Shi ne mai raba faɗa ranar kasuwa, shi ke shela in za a yi rigakafi, shi ke raka masu duba ɓarna zuwa gona, in baƙo ya kwana a gari kuma ya san gidan da ya sauka.

Kafin a zo kan tamu sai da aka yi ta wani manomi da makiyayi, shanu sun shiga wake. Na zaci za a yi ta hayaniya, sai na ji tambayar farko ita ce ko an saki gonaki. Ashe kowace shekara hukuma tana tsayar da ranar da manoma za su gama kwashe amfani, daga ranar dabbobi suna da damar shiga kiwon kara. Wanda dabbarsa ta yi ɓarna kafin ranar zai biya, wanda ya bar amfaninsa a fili bayan ranar kuwa shi ya jiyo. Dabbar da aka kama ba mai ita akwai garken hukuma da ake kai ta, sai an biya a karɓa. Tun 1993 suke da dokar karkara da ta kafa kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, masu shata burtali da mashaya. Ba na ce ba a rikici a can ba, ana yi, har da asarar rai wani lokaci. Mu ma a Jigawa muna da hukumar sasanta manoma da makiyaya. Amma ranar da kowa ya sani tana rage gardama da rabi tun kafin a buɗe baki.

Tamu ba ta daɗe ba. Mutumin bai musa ba, ya ce faɗuwar naira da rufe iyaka ne suka karya shi. Aka yi lissafi da sefa, aka mayar naira, aka sake mayarwa, har Kawu ya cire hula ya share gumi. Aka tsaya kan zai ba da wani kaso nan take, saura in ya sayar da wakensa, ƙanensa ya tsaya masa. Magatakarda ya rubuta, suka dangwala yatsa, aka buga hatimi, aka miƙo mini takardar a matsayina na ɗan boko. Na riƙe ta da ladabi, na gane lambobin da sunan Kawu.

Tunda mun zo kusa, na matsa wa Kawu mu ƙarasa Damagaram, wato Zinder. Muka bi ta Bande, muka shiga gari da rana tsaka, manyan duwatsu a tsakiyar unguwanni, 'yan garuwa ko'ina domin ruwa yana wahala. Nan ne babban birnin Nijar har 1926 da Faransawa suka mayar da shi Yamai. Muka je unguwar Birni, ƙofar fadar Sultan, inda dogarai suke zaune cikin jajayen kaya. Ka tuna labaran da tsofaffi suke ba mu na yadda mutanen ƙasar Babura suke kwana da shirin harin Damagaram? To ga ni tsaye a ƙofar gidan da ake ɗaura wa dawakin sirdi, wani dogari yana nuna mini inda zan ajiye takalmi.

A nan Kawu ya saki jiki ya shiga ba ni labarin 'yan doka. Lokacin da yake yaro ƙasarmu tana ƙarƙashin Kano, tun ba a yi Jigawa a 1991 ba, kuma 'yan sandan da talaka ya sani na En'e ne, wato 'yan doka. Marigayi Ado Bayero ma shi ne Wakilin Doka na Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal ya dawo ya hau sarauta a 1963. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san kowa, kuma sanin nan shi ne amfaninsa, shi ne kuma illarsa, domin da siyasa ta yi zafi 'yan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1960, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Aka rabu da ɗan dokan hakimi, aka samu kurtun da za a iya turo shi daga ko'ina, wani ko Hausa ba ya ji. Giɓin da aka bari shi ne 'yan sintirinmu suke cikewa da tocila da gora, da ɗan abin da ake tarawa gida-gida, 'yan Hisba kuma suna ɗaukar rigingimun aure da na tarbiyya. A 2020 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 13.3 don 'yan sandan al'umma, aka ɗebi samari daga garuruwansu aka ba su horo da kaki, amma aka ce aikin na sa-kai ne, ba albashi. Ni dai ban san yadda mai iyali zai yi gadin gari da yunwa ba. Har a Amurka, a jihar Texas, akwai irin wannan ƙaramin jami'i na yanki, jama'a ke zaɓensa duk shekara huɗu, babban aikinsa kai sammaci da tsare ƙaramar kotu. Wato dai dogari ne da ƙuri'a.

Muka kwana a unguwar Zango, da safe Kawu ya sayi kilishi da takalman fata na tsaraba, muka kamo hanya. Shingaye kamar yadda ka sani, a sauka, a nuna kati, a hau, direba yana ta lissafinsa a ƙarƙashin sitiyari. Mun shigo Kanya ana kiran isha'i. In Allah ya kai mu Juma'a ina so ka raka ni zauren dagaci bayan an sauko daga masallaci, tunda kai ne kake da fuska a wurinsa. So nake in ji ko zai yarda a saya masa babban littafi, a samu yaro mai kyan rubutu ya riƙa zama kusa da shi ranar da ake sulhu.