Wa Ya Fara Harbi?

Akwai wata gardama da muka shafe shekaru fiye da ashirin muna tafkawa a tsakaninmu, wadda idan mai karatu ya ji abin da ake yi a kai, ba mamaki ya ce aikin yi muka rasa. Gardamar ita ce: tsakanin Han Solo da Greedo, wa ya fara harbi?

Ga wanda bai sani ba, waɗannan biyu suna cikin fim ɗin Star Wars ne, wanda Ba'amurken nan George Lucas ya fitar a shekarar 1977. Han matuƙin jirgin sararin samaniya ne, ɗan fasa-ƙwauri, wanda bashi ya yi wa katutu. Shi kuwa Greedo ya ritsa shi ne a wata mashaya a kan maganar bashin, ya zaunar da shi, ya auna shi da bindiga. A fim ɗin asali, Han ya yi ta jan sa da zance yana lalubo tasa bindigar a ƙarƙashin tebur, ya ɗirka masa, ya jefa wa mai mashaya kuɗi, ya yi gaba. Greedo bai sami damar harbi ba sam. To, a 1997, da fim ɗin ya cika shekara 20, sai Lucas ya sake fitar da shi bayan ya yi masa kwaskwarima da kwamfuta. A wannan sabon, Greedo ne ya fara harbi, ya kuskure mutumin da tebur kaɗai ya raba su, sa'an nan Han ya rama. Duka-duka canjin bai wuce ƙiftawar ido ba.

Mu biyar ne a lokacin, ɗalibai 'yan Arewa a nan Kudu, masu haɗuwa a ɗakin ɗayanmu da ke da bidiyo. Da finafinan Indiya da na Chana muka tashi, saboda haka ba mu zaci labarin yaƙin taurari zai kama mu ba. Hamadar da ke farkon fim ɗin ce ta fara jan hankalinmu, da gidajenta na ƙasa da mutanenta masu manyan riguna. Ashe a Tunisiya aka ɗauki wannan ɓangare. Tsohon kaset muka fara kallo, wanda ya sha jiki har hotonsa na rawa. Ranar da wani ya shigo da sabon kuwa, a ranar muka rabu gida biyu.

Ɓangare na farko suka ce mai abu da abinsa. Lucas ne ya ƙirƙiro Han, in ya ga bai dace jaruminsa ya kashe mutum ba tare da an fara kai masa hari ba, wa ya isa ya hana shi gyara? Mu da ke ɓangare na biyu muka ce ai gyaran ɓarna ne. Duk daɗin labarin Han shi ne mutum ne wanda ba ya duban kowa sai aljihunsa, amma a ƙarshen fim ya juyo da jirginsa ya ceci Luke. In tun farko mutumin kirki ne mai jiran a fara harbinsa, to ina abin mamaki a dawowar tasa? Daga baya muka samo wata hujja da muka ɗauka ta kashe bakin kowa: a 1988 Lucas da kansa ya je gaban Majalisar Dokokin Amurka yana sukar masu sauya tsofaffin finafinai, kamar masu shafa wa marasa launi launi. Abokan gardamarmu suka ce ai kamfanonin da ke taɓa aikin wasu yake suka, ba mai aiki da ke taɓa nasa ba. Gaskiya suka faɗa, ko da yake ba mu amsa musu hakan a ranar ba.

Da muka ƙara hankali sai muka gane ba gyaran ne ainihin abin da ke ci mana rai ba. Kowannenmu ya san tatsuniyar Gizo ta bakin kakarsa ta sha bamban da ta maƙwabta, kuma ba a taɓa faɗa a kai ba, domin babu tsohuwar da ta taɓa hana a ji ta 'yar'uwarta. Shi Lucas ya kawo sabon ya janye tsohon. Aka sake taɓa wurin a 2004 da 2011, aka kuma ga wani sabon salo a 2019, alhali fim ɗin 1977 ya yi wuyar gani, har nuna tsohon kwafinsa a Landan a 2025 ya zama labari. A kan wannan muka kafa aƙidarmu cewa labari, da zarar ya shiga zukatan jama'a, ya zama nasu. Mun daɗe muna alfahari da wannan magana.

A 1999 aka fitar da The Phantom Menace, mai ɗauke da wata halitta mai dogayen kunnuwa da shirme, Jar Jar Binks. Masoya fim ɗin a duniya suka yi masa caa, mu ma muka bi sahu. A nan ne kaɗai ɓangarorinmu biyu suka haɗa baki. Har ma muka laƙaba sunan ga ƙaramin cikinmu, saboda yawan tuntuɓe da ɓarin shayi da yake yi, sunan kuwa ya bi shi har bayan ya yi aure. Ba mu taɓa tunanin akwai ɗan Adam a bayan waɗannan kunnuwa ba. Sai a 2018 Ahmed Best, baƙar fatar Amurka da ya taka rawar yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya bayyana cewa zagin da ya sha ya kusa sa shi ya kashe kansa. A shekarar ce kuma Kelly Marie Tran, wadda ta fito a The Last Jedi, ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram bayan watanni ana ci mata mutunci.

Amma abin da ya fi tsaya mana a wuya tun kafin nan ya faru. Bayan kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4, an fitar da tallan sabon fim a ƙarshen 2014, kuma fuskar farko da ta bayyana ita ce ta John Boyega, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, sanye da farin sulken sojojin daular. Mun yi murna kamar ƙanenmu ne. Sai ga wasu masoya suna cewa baƙar fata ba shi da gurbi a cikin wannan sulke, har da kiran a ƙaurace wa fim ɗin. Da muka duba hujjarsu, sai muka tarar da tamu ce tsaf: fim ɗin namu ne, mu muka san yadda ya kamata ya kasance. Ashe in aka ce labari na jama'a ne, akwai sauran tambaya: wace jama'ar, kuma wa aka ɗora a bakin ƙofa? Har yau ba mu janye ra'ayinmu a kan Han ba, amma mun daina faɗar waccan magana da ƙarfi.

A 2023 Ahmed Best ya sake fitowa a shirin The Mandalorian, wannan karon da fuskarsa, a matsayin jarumi mai takobin haske da ya ceci jariri Grogu. Ba a daɗe ba muka haɗu mu biyar a wajen wani ɗaurin aure, furfura ta fara bayyana a gemun kowa. Babbanmu ya kawo zancen, ya dubi ƙaramin namu yana dariya ya ce, "To, ka ga takwaranka ya wanke kansa."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Yaya, ni fa ban taɓa son sunan nan ba. Cikinku akwai wanda ya taɓa tambayata?"

Muka yi tsit. Can sai babban namu ya jawo buta ya ƙara masa shayi, ya kira shi da sunansa na yanka. Biyu daga cikinmu sai da suka ɗan yi tunani kafin su tabbata sunan ke nan.