Kyamarar da na saya da wadda aikina ke buƙata

Makon jiya bayan an rufe shiri wani yaro ya kira ni daga Tasawa. Ya ce shekara biyu yana tara kuɗi, yana son ya shiga sana'ar hoto, to cikin sabbin kyamarorin nan marasa madubi wacce zai saya, Sony ko Canon ko Nikon? Na ce mishi, ƙanena, hoton mi za ka riƙa ɗauka? Sai ya yi shiru. Na san shirun nan, don ni ma ban yi ma kaina wannan tambaya ba sai da kuɗina suka tafi.

Ni aikina magana ne, amma yau ko wane labari ka kawo sai an ce ina hoto. Sai na sai da moto, na haɗa da kwasar adashe, aka kawo mini Sony a7 III okaziyo daga Yamai, jikka 700. Kaptar ɗinta, wato farantin da ke karɓar haske a ciki, babba ne, milimita 36 da 24, girman tsohon fim. Abin da ya rage a aljihuna bai wuce kuɗin objektif guda ba, mai milimita 50.

Ba zan ci haƙƙinta ba. Daren bikin ɗiyar yayata kuran ya ɗauke, sai fitilu biyu na batir a tsakar gida, amma hotunan suka fito har lallen hannun amarya ana gani. Babban kaptar yana jure duhu, kuma objektif ɗin yana buɗewa har f/1.8, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki 10 na wanda ke tsayawa a f/5.6. Ga ta da gurbin kart biyu, kowane hoto yana sauka wuri biyu. Mai aikin biki ya riƙe wannan da kyau, don ba a sake ɗaura aure saboda kart ɗinka ta lalace.

Matsalar ita ce ni ba mai hoton biki ba ne. Wurarena su ne filin kokowa, hawan sallah, taron manoma, duk da rana tsaka, duk daga nesa. Ranar da na shiga da ita filin kokowa na Kantu a Maraɗi, aka zaunar da mu can bayan buhunan yashi. Na leƙa, ƴan kokowa kamar tururuwa. Aka yi kaye, fili ya kaure da ihu, ni kuwa abin da na samu hoton yashi ne da ƙananan mutane biyu a tsakiya. Na tambayi kuɗin dogon objektif na babban kaptar, na ji sai in sake sai da wani moto da ba ni da shi.

Kusa da ni akwai wani dattijo mai hoto, da tsohuwar Canon mai madubi duk ta goge. Ya nuna mini nashi, har zufar goshin ɗan kokowa. Na ce Baba, mi ne ne sirrin? Ya ce ɗana, kai ka sayi gangar jiki, ni na sayi ido. Objektif ɗinsa 70-300 ne, kaptar ɗinsa kuma ƙarami, wanda ake ce ma APS-C. A Canon ƙaramin kaptar yana matso da abu ninki 1,6, wato 300 ɗinsa tana gani kamar 480 a tawa. Abin da na raina a kanti, shi ne ya kayar da ni a fili.

A wurinsa na gane cewa sayen kyamara shiga dangi ne. Kowane kamfani da bakinsa da objektif ke ɗaurewa: Sony na da E, Canon na da RF, Nikon na da Z. Canon da Nikon sun fito da nasu a 2018, suka kuma yi zoben haɗi da ke sa tsofaffin objektif ɗinsu su yi aiki a kan sabbin kyamarori. A garinmu kusan duk masu hoton da na sani tsofaffin objektif na Canon ke hannunsu. Ana aro, ana haya, ana saye da rahusa. Bakin Sony yana da tashi fa'ida, Sigma da Tamron sun daɗe suna yi mishi objektif masu sauƙin kuɗi, sai dai ni ba ni da maƙwabcin da zan ara a wurinsa.

Ga kuma ƙura. Tsohuwar kyamara madubi na tsaye gaban kaptar, wannan kuwa da ka cire objektif, kaptar na kallonka. Na taɓa buɗe tawa a waje cikin hunturu don in nuna ma wani aboki cikinta, laifina ne, wata guda kowane hoton sama da na ɗauka da ɗigo-ɗigo. Wasu irin Canon R6 suna rufe labule in an kashe su. In taka ba ta yi, kada ka canza objektif sai cikin ɗaki, baki na kallon ƙasa.

Ƙarshe dai na sai da tawa da asarar jikka 100, na sayi Canon R10 da zoben haɗi da 70-300 okaziyo. Tana ɗaukar hoto 15 a sakan guda, kaye ba ya wuce ni yanzu. Amma kart guda take ci, kuma da dare ba ta kai waccan ba, ranar wani suna da magariba na ji kewarta ƙwarai. Mai son tsuntsaye a bakin Tabalak ko tafiyar Ingal da kaya marasa nauyi, ya duba OM System da wasu daga cikin na Panasonic, kaptar ɗinsu na ninka nisa sau 2.

Yaron Tasawa ya sake kira jiya, ya ce biki da suna zai yi. Na ce to ya nemi babban kaptar in kuɗinsa sun kai, amma ya fara ware na objektif mai f/1.8 da batir biyu, kuma kafin ya biya ko dala, ya zaga wurin masu hoton garinsu ya ga wane baki ke hannunsu. Ya ce Asabar zai je.