Gaya da Ajingi: Ranar da Zoben Roba Ya Tsayar da Lambu

Mun tashi daga Kano da sassafe, hazo ya rufe gari, muka tsallake gadar Wudil inda kogi ya janye ya bar farin yashi, sannan muka miƙe hanyar Dutse har Gaya. Duk ɗan makaranta a Kano ya san sunan garin nan. A labarin da aka gada, daga Gaya maƙera suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama, su ne Abagayawa, kuma ana cewa sunan ɗayansu, Kano, birnin ya ɗauka. A 2019 gwamnatin Ganduje ta mai da Gaya masarauta, aka rushe ta a watan Mayu na 2024, aka sake kafa ta a mataki na biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu.

Ni dai ba fada ce ta kawo ni ba. Abokin tafiyata manomin rani ne a ƙasar Ajingi, ya shigo gari sayen kayan gyaran injin ban ruwa, ni kuma na maƙale masa.

Rumfunan bakanikai a Gaya ba su da wuyar ganewa: ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, gawarwakin janareta da babura a jingine, yara na wanke kabureta a gwangwanin madara. A wani shago muka sayi abin da muka zo nema, wani zoben roba baƙi wanda bai kai faɗin tsohon kwabo ba. Mai shago ya fiddo kala biyu, ya ce wannan mai araha ne, wannan kuma mai jure fetur. Abokina ya ɗauki mai tsadar, ya ƙulle shi a leda, ya sa a aljihun gaba kamar laya.

Daga Gaya muka hau babur muka yi arewa. Gonakin gero da dawa duk an girbe, sai kututture da shanu na kiwo. Muna gangarowa fadamar kogin Hadeja sai ƙasa ta canza launi: fangalin albasa, tumatir ya fara nuna, attaruhu, ga alkama kore shar. Ta ko'ina ƙarar inji ce, ga mesa shimfiɗe tana aman ruwa. Dattawan wurin sun yi zamanin jigo, lokacin da mutum zai wuni yana janyo guga. Hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan rijiyoyi da injuna a shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya a shekarun 1990, daga nan jigo ya zama labari. Ruwan kansa yana da alaƙa da dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992, waɗanda ke sakin ruwa har cikin rani.

A lambun abokina kaɗai aka yi tsit. Injinsa mai inci uku, samfurin Honda, kwana biyu ke nan yana kwance, ganyen tumatir ya fara yaushi. Tanki ke yoyo ta ƙasa, daidai inda bututun mai yake ɗaure. Waɗannan injuna ba su da famfon mai. Tankin yana sama, fetur na gangarowa da kansa zuwa kabureta, kuma zoben nan ne kaɗai ke hana shi tsiyaya a mahaɗar. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗigon fetur ya zama ɗigon jini a wurin manomi. Wasu ma sun juya injunansu zuwa gas, masu hali sun koma sola.

Bakaniken ƙauyen ya iso da jakar buhu da yaronsa. Ya juye sauran man a galan, ya kwance tankin, ya zaro tsohon zoben ya ɗaga mana. Ba zobe ba ne ma, guntun tiyub ɗin babur ne aka yanka da reza.

"Alhaji, wa ya sa maka wannan?"

Abokina ya sosa ƙeya. "Yaron gidana ne, Malam. Mun ce ko zai kai mu kasuwa."

"Ai roba suna ta tara. Ta tiyub iska take riƙewa. Da ta sha fetur sai ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon jiya."

Sai aka zo sa sabon. Yaron bakaniken ya fara gwadawa, ya danna nan, can ya ɓullo. Ya danna can, nan ya tashi. Ya ɗauko sukundireba zai tura shi da ƙarfi, maigidan ya buge masa hannu. Ƙarfe in ya yi wa roba ƙwarzane ko da na gashi ne, ta nan mai zai bi. Ya karɓa, ya goge ramin da tsumma, ya kankare tsatsa da tsinken ashana, ya busa. Ya ɗiga baƙin mai a yatsa ya shafe zoben har ya yi santsi, ya zaunar da gefe guda, ya bi da babban yatsa a hankali, yana dubawa kada ya murɗe. Zobe ya faɗa wurinsa ba ko gardama. Ya fara ɗaura bututun da hannu sai da ya tsaya, sannan ya ƙara masa kaɗan da sifana.

"Ƙara matsewa mana," in ji abokina.

"In na ƙara zan tsinke ta, Alhaji. Gobe ka sake komawa Gaya."

Aka zuba mai kaɗan, aka shimfiɗa takarda a ƙarƙashin tankin, muka zauna a inuwar darbejiya muna cin ɗanyen tumatir da ƙuli. Da muka duba, takarda a bushe. Yaron ya cika cikin famfon da ruwa, don in ya yi gudu a bushe sil ɗinsa ƙonewa yake, ya ja igiya sau biyu, inji ya kama. Mesa ta yi tari, ta tofar da iska, ruwa ya biyo.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin bakaniken nan. Ban tambaye shi asalinsa ba, amma hannunsa irin na mutanen da ƙasar nan ta yi suna da su ne, masu sanin inda ƙarfe ke son guduma da inda lallashi yake so. Kuɗin aikinsa bai kai na litar fetur biyu ba, aka haɗa masa da kwanon tumatir. Da zai tafi sai ya tsinci guntun tiyub ɗin nan daga ƙasa ya miƙa wa abokina, ya ce ya kai wa yaron gidansa ya yi danƙo da shi.